Abin da waya ta ɓoye bai ɓace ba

Darasinmu na yau kan waya ne, wagga babba da ake shafa ma fuska da yatsa. Amma bari in fara da abin da ya faru cikin ajinmu.

Cikin ɗalibaina akwai wata dattijuwa. Ɗanta shina cin rani a Kwatanu. Ya sayo mata waya, ya sa mata apilikasiyo ta karɓar kuɗi. Duk wata shikan aiko mata da abin da ya samu. Wata rana da marece ta zo aji ranta a ɓace. Ko tabarma ba ta hau ba, ta ce:

«Malam, an cuce ni. Yaro ya ce ya turo jika goma sha biyar. Na buɗe waya, ba ko dala. Ɗigo-ɗigo kawai nika gani.»

Na ce: «Inna, wa ya taɓa wayar?»

Ta ce ɗan maƙwabciyarta ta ba, ya kai mata wurin caji. Tun da safe ta tahi gidansu, ta faɗi magana mai zafi gaban uwar yaron. Har an daina gaisawa.

Na karɓi wayar na duba. Kusa da ɗigon nan akwai wata ƴar alama mai kamar ido. Na ce: «Inna, sa yatsa nan.» Ta sa. Nan take ɗigo sunka kau, 15.000 F ta bayyana. Ba abin da ya ragu. Apilikasiyon ce ta rufe lissafin, don kada na kusa da ita shi ga abin da ta mallaka.

Kuɗi ba su ɓace ba. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Sai da Inna ta tahi ta ba maƙwabciyarta haƙuri, da ita da yaron. Wanga abu shi ya sa na rubuta wanga darasi.

1. Wayar da da wayar yanzu

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga shekara ta 2001. Wayoyin farko ƙanana ne masu madannai. Madannai 12 na lamba: daga 0 zuwa 9, da tauraro, da wanda muke ce ma diyez. Ga kore na kira, ga ja na kashewa. Jiya suna nan, yau suna nan. Ko cikin duhu yatsa ya san wurinsu.

Da irin waɗanga wayoyi anka yi wani aiki na yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram, a 2009 da 2010. Sunan aikin ABC, ƙungiyar CRS ta gudanar da shi. An koya ma manya gane baƙaƙe da lambobi bisa madannan waya, da yadda ake tura saƙo. Da anka yi jarrabawa, garuruwan da sunka yi karatu da waya sun fi sauran cin rubutu da lissafi. Ke nan waya abokiyar mai koyo ce, in ya san kanta.

To, a 2007 kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone, waya mai gilashi daga sama har ƙasa. A 2008 wayoyi masu tsarin Android na kamfanin Google sunka biyo baya. Tecno da Itel da Infinix da Samsung manya, waɗanda muke gani a kasuwar Dogon Dutsi da ta Tibiri, da tsarin Android suke aiki.

A wayoyin nan madanni ba ƙarfe ba ne, ba roba ba ne. Zane ne da haske ke yi bisa gilashi. Abin da anka zana kuwa ana iya shafe shi, kamar yadda nike shafe allo in rubuta wani darasi. Don haka madanni shina iya bayyana yanzu, an jima shi ɓuya.

Ayyukan da ke cikin waya, kamar WhatsApp da Facebook da na aika kuɗi, su muke ce ma apilikasiyo. A rediyo za ku ji ana ce musu manhaja. Mutane ne ke gina su. Su ke yanke abin da za a nuna da abin da za a ɓoye.

2. Don mi suke ɓoyewa?

Dalili na farko: wuri ya yi kaɗan.

Mu yi lissafi. Faɗin fuskar waya kamar santimeta 7 ne, wato milimeta 70. Kamfanin Google ya shawarci masu gina manhaja su ba kowane madanni wajen milimeta 9, don yatsa shi same shi ba kuskure. Milimeta 70 a raba da 9, an samu 7 da ɗan saura. Ke nan madannai 7 kawai za su iya jeruwa cikin layi guda. Alhali manhaja guda tana iya yin aiki fiye da hamsin. Ina za a sa su?

Ku dubi mai tebur a bakin tasha. Shayi da sukari da ashana da sabulu, su ke bisa tebur, don su aka fi tambaya. Allura da zare da batir suna cikin akwati ƙarƙashi. In ka tambaya sai shi jawo maka. Da ya zube duka bisa tebur, da shi kanshi ba shi gane wurin komi. Haka mai gina manhaja ke yi. Abin da ake bukata kullum shi ke sarari. Sauran suna cikin akwati.

Dalili na biyu: lokacin abin bai yi ba.

Ku buɗe WhatsApp, ku shiga hira da wani. Ƙasa, hannun dama, akwai alamar mikiro ta tura murya. Yanzu ku rubuta baƙi guda, ko «a» ce. Mi ya faru? Mikiro ya tahi, wata alama mai kamar kibiya ta maye wurinshi. Ita ce ta tura rubutu. Ku shafe baƙin. Mikiro ya dawo.

Ɗalibaina da yawa sun tsorata da wanga abu ranar da sunka fara rubuta saƙo da hannunsu. Shekara da shekaru murya suke turawa. Wani ya ce mini: «Malam, karatunka ya kore mini mikiro!» Bai kore shi ba. Mai rubutu ba shi bukatar mikiro, mai magana ba shi bukatar kibiya. Wuri guda suke karɓa-karɓa.

Haka in kuna kallon bidiyo. Bayan ɗan lokaci madannan tsayarwa da na gaba da na baya sai su ɓuya, don kada su tare hoto. A taɓa gilashi sau ɗaya, su dawo.

Dalili na uku: tsaro.

In kuna buga lambar sirri, ba lamba ke fitowa ba, ɗigo ne ko taurari. Wanda ke tsaye bayanku wurin mai caji ba shi iya karantawa. Irin wanga ɓoyo ne ya rufe kuɗin Inna. Kuma madannin shafe saƙo ko hoto ba a barinshi a sarari, don kada yaro mai wasa da waya shi taɓa shi. Ai maganin ƙwari ma ba a aje shi inda ake aje gishiri.

3. Ɓoyo iri-iri ne

A tsarin Android, mai gina manhaja shina da hali uku da zai iya sa kowane abu na fuskar waya. Za mu gane su da misalin ajinmu.

Hali na ɗaya: abu shina bayyane. Ɗalibi ya zo, shina zaune wurinshi bisa tabarma, kowa na ganinshi.

Hali na biyu: abu ba a ganinshi, amma an bar mishi wurinshi. Ɗalibi ya tahi sallamar baƙo, an ce kada kowa shi zauna nan. Gurbi na nan fili. A waya za ku ga wani wuri wayam, kamar an manta a sa wani abu. Ba mantuwa ba ce. Mai wurin shina zuwa.

Hali na uku: an ɗauke abu da wurinshi duka. Ɗalibi ya tahi cin rani, na kusa da shi sunka matso, gurbi ya rufe. Baƙo ba shi sanin an taɓa zama nan. A WhatsApp, in kun fara rubutu, alamar ɗaukar hoto da ke cikin layin rubutu takan kau, ta kusa da ita ta matso, wurin rubutu shi ƙaru.

Wanga hali na uku shi ya fi ruɗa mutane, don abubuwa suna sauya wuri. Mutum ya saba da danna gefen dama ba tare da dubawa ba, yau kuwa wani abu ne ya matso nan. Saboda haka a duba kafin a danna.

Akwai kuma wani abu mai kama da ɓoyo. Madanni shina nan, amma launinshi ya dushe, ya yi toka-toka. Ka danna, ba shi motsi. Waya ba ta lalace ba. Tana jiran ka cika wani abu. In lambar da za ka aika ma kuɗi ba ta cika ba, madannin ci gaba shikan zauna a dushe. Lambobin waya a Nijar guda 8 ne. Ka ƙidaya, ka cika, sai shi yi haske.

4. Ƙofofi biyar da za a duba

Wayar da anka sayo a Yamai ko Doso galibi da Faransanci take. Wadda ta fito daga Birnin Kabi ko Sakkwato da Ingilishi take. Amma alamomin ɗaya ne. Wanda ya riƙe su ba shi ɓata, ko bai ji harshen ba.

Ƙofa ta ɗaya: ɗigo uku a tsaye. Galibi suna sama, a kusurwar dama. Ma'anarsu: akwai saura. In an danna, jerin ayyuka shi sauko.

Ƙofa ta biyu: layi uku a kwance, ɗaya bisa ɗaya. Suna sama, dama ko hagu. Suna kama da layukan rubutu cikin littafi, don jerin abubuwa ne ke bayansu. Wagga alama ta girmi wayar salula ta ƙasarmu. Wani mai zane, Norm Cox, shi ya zana ta don wata kwamfuta ta kamfanin Xerox da ta fito a 1981.

Ƙofa ta uku: alama mai haƙora, kamar ƙarfen da ke jan sarƙar keke. Nan ne ɗakin gyare-gyare. Da Faransanci ana rubuta «Paramètres». Nan ake ƙara girman rubutu ga wanda idonshi ya yi rauni. Nan ake sauya harshe da ƙarar kira.

Ƙofa ta huɗu: danna ka riƙe. Wagga ƙofa ba ta da alama ko kaɗan, shi ya sa mutane da yawa ba su san ta ba. Ka ɗora yatsa bisa saƙo, kada ka ɗaga, ka ƙidaya ɗaya, biyu. Sama sai alamomi su fito: kwandon shara na shafewa, da kibiya ta tura saƙon ga wani.

Ga amfaninta. Ka tura murya ga surukinka alhali abokinka ka nufa. Danna saƙon ka riƙe, taɓa kwandon shara, zaɓi shafewa ga kowa, «Supprimer pour tout le monde». WhatsApp ya kawo wanga aiki a 2017. Amma shina da wa'adi, kamar kwana biyu. In wa'adi ya wuce, wanga zaɓi ba shi sake bayyana. Gara a hanzarta, tun bai saurara ba.

Wani lokaci kuma hira da mutum takan ɓace ɗungum daga jeri. Sai a ce: «Wane ya fita daga wayata.» Sau da yawa yatsa ne ya riƙe sunanshi ba da niyya ba, ya taɓa alamar akwati. Hirar ta shiga ajiya. A nemi wurin da anka rubuta «Archivées», tana ciki. Tun 2021, hirar da ke ajiya takan zauna can ko da sabon saƙo ya shigo. Don haka a riƙa leƙawa.

Ƙofa ta biyar: jan yatsa. Ka ɗora yatsa can saman gilashi, ka jawo ƙasa, kamar mai sauke labule. Nan tocila take. Nan madannin buɗe intanet da rufe shi yake. Mai rufe intanet in ya gama, kiredinshi ya fi daɗewa. Nan kuma alamar jirgin sama take. In ta kunnu, waya ba ta kira, ba a kiranta. Na san wani dattijo daga wajen Matankari da ya biya kuɗin mota ya kawo wayarshi gyara, alhali jikanshi ne ya taɓa jirgin. Taɓawa ɗaya ta gyara ta.

Wasu wayoyi ma ba su nuna madannai ukun nan na ƙasa, na komawa baya da na komawa gida. Tun Android na 10, wanda ya fito a 2019, ana iya ɓoye su, a riƙa jan yatsa daga gefe. In wanga bai yi muku ba, ana maido da su cikin ɗakin gyare-gyare.

5. Ɓoyon da ba na alheri ba

Duk abin da munka faɗa, ɓoyo ne don sauƙaƙa ma mai waya. Amma akwai mai ɓoyo don cin ribarka. Kamar ɗan kasuwar da ke zuba gero mai kyau bisa, tsakuwa ƙarƙashi.

Ga alamunshi. Talla ta rufe fuskar waya duka. Alamar rufewa, wadda ke kama da X, ƴar mitsitsiya ce a kusurwa, ko kuma ba ta fitowa sai bayan an ɗan jira. Madannin «na yarda» ƙato ne mai launi, na «ban yarda ba» kuwa ƙanƙane ne a dushe. Shiga wani tsari na waƙoƙi ko wasanni taɓawa ɗaya ce, amma ƙofar fita an binne ta can ciki. Ni kaina na taɓa faɗawa. Kullum ana cire mini kuɗi kaɗan-kaɗan cikin kiredi, sai da na yi sati biyu kafin in gano inda ake fita.

Wanga hali ba mu kaɗai ya dama ba. A 2022 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta hana dandalin intanet tsara fuskarsu ta hanyar da za ta yaudari masu amfani da su. Mu nan, babban makaminmu karatu ne da haƙuri. In talla ta fito, kada ka taɓa tsakiyarta. Ka jira, ka nemi X. In ba ka gan ta ba, ka koma baya. In an rubuta kuɗi, ka karanta lambar tukuna: nawa ne, kuma sau ɗaya ne ko kullum?

Yaya za a bambanta ɓoyon kirki da na cuta? Ka tambayi kanka: wa zai ci riba in ban ga wanga madanni ba? In rufe lambar sirri ne, kai ka ci riba. In ɓoye ƙofar fita ne, wani ne ya ci.

6. Kada tsoro shi hana ku dubawa

Da yawa cikinmu muna tsoron taɓa waya, kada mu ɓata wani abu. Sai mu miƙa ta ga yara, har da lambar sirri. Daga nan asirin gida shi fita, daga nan zargi shi shigo.

Ku sani: buɗe ɗigo uku ko layi uku ba shi cin kiredi, ba shi shafe komi. Leƙa rumbu ba ɗibar hatsi ba ne. In kun leƙa ba ku ga abin da kuke nema ba, ku koma baya. Wurin da ake taka-tsantsan shi ne inda waya ta tambaye ku: kun tabbata? Nan a tsaya, a karanta baƙi-baƙi. In kalmar ta gagara, a kwafe ta cikin littafi a kawo aji. Matambayi ba shi ɓata. Amma lambar sirri ba a faɗa ma kowa, ko malamin aji ne.

Inna yanzu ita ke duba kuɗinta da kanta. Ta buɗe idon, ta karanta lamba, ta sake rufewa. Ranar nan na iske ta tana nuna ma maƙwabciyar tata inda ɗigo uku suke.

Mu riƙe

Madannin wayar yanzu zane ne, shina bayyana shina ɓuya.
Ana ɓoye abu don ƙarancin wuri, ko don lokacinshi bai yi ba, ko don tsaro.
Ƙofofi biyar: ɗigo uku, layi uku, alama mai haƙora, danna ka riƙe, jan yatsa.
A duba kafin a danna. A bincika kafin a zargi mutum.

Tambayoyi

1. Mi ya sa Inna ta ga ɗigo maimakon kuɗinta?
2. Yaushe mikiro ke ɓuya a WhatsApp? Yaya ake maido da shi?
3. Mine ne bambancin abin da anka bar ma wurinshi da wanda anka ɗauke da wurinshi duka?
4. In madanni ya dushe, mi waya ke jira?
5. Wace tambaya za ka yi ma kanka don gane ɓoyon cuta?

Lissafi

Wani tsari shina cire 25 F kullum cikin kiredin mutum. Nawa zai rasa cikin kwana 30? Dala nawa ke nan?

Aikin gida

Ka zana alamomin nan cikin littafinka: ɗigo uku, layi uku, ido, kwandon shara, jirgin sama. Ƙarƙashin kowace ka rubuta aikinta da Hausa. Sannan ka nemi mutum ɗaya a gidanku ko unguwarku, ka nuna mishi ƙofa guda da bai sani ba.